Amsar Wasiƙunku: Mai Rawanin Nan Ba Shehi Ba Ne

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan mutum ɗaya, abin da ban saba gani ba. Sanadin kuwa wani tsohon hoto ne baƙi da fari da ya yi ta yawo a Facebook da WhatsApp. Na tsamo biyar daga ciki, sauran duk kusan abu ɗaya suke tambaya.

Assalamu alaikum Baba. Na ga hoton wani kyakkyawan saurayi da rawani da alkyabba, an rubuta a ƙasa wai shi ne Balarabe Musulmi na farko da ya zama jarumi a Hollywood, sunansa Shehu Ahmad, kuma wai Turawa ne suka kashe shi don hassada. Da gaske ne? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Wa alaikumus salam ɗana. Hoton na gaske ne, rubutun da aka liƙa masa ne ƙarya. Mutumin nan Rudolph Valentino ne, ɗan Italiya, Kirista ɗan ɗariƙar Katolika. Ahmad sunan da ya fito da shi ne a fim ɗin The Sheik na 1921. Rawanin da alkyabbar duk na kamfani ne, da an tashi aiki sai ya tuɓe ya miƙa wa mai kula da kaya.

An haife shi ranar 6 ga Mayu, 1895, a Castellaneta, wani ƙaramin gari a kudancin Italiya. Asalin sunansa Rodolfo Guglielmi. Ubansa likitan dabbobi ne, kuma zazzaɓin cizon sauro ne ya yi ajalinsa yaron yana ɗan shekara 11. Cutar nan da muke gani kamar tamu ce mu kaɗai, a wancan zamani ta ci kudancin Italiya ba kaɗan ba. Uwar Bafaranshiya ce. An sa shi makarantar aikin gona a wajen Genoa ya gama, amma zuciyarsa ba ta kan fartanya. Ya leƙa Paris ya ƙarar da ɗan abin hannunsa, ya dawo gida ba aiki, sai dangi suka haɗa masa kuɗin jirgin ruwa. Ya sauka Niyok ranar 23 ga Disamba, 1913, yana ɗan shekara 18. A taƙaice dai ɗan ci-rani ne, irin dubban 'yan ƙasarsu da ke kwarara Amurka a lokacin.

Ya taɓa aikin lambu, ya kwashe kwanuka a gidajen abinci. Abin da ya fisshe shi rawa ce. Akwai gidajen shaƙatawa da matan attajirai ke biyan saurayi ya taya su rawa, to a nan ya samu gindin zama. A nan kuma ya jawo wa kansa rigima: ya ba da shaida a shari'ar sakin wata hamshaƙiya 'yar ƙasar Chile, Blanca de Saulles, kuma a 1917 matar ta harbe tsohon mijin nata har lahira. Da ya ga sunansa na neman shiga jarida, sai ya bi wata tawagar 'yan wasa ya yi yamma, har ya tsinci kansa a Los Angeles.

A can ma ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Jarumin Amurka na lokacin fari ne tas mai fara'a, irin su Douglas Fairbanks da Wallace Reid. Baƙo mai baƙin gashi da ɗan duhun fata ba a ba shi sai rawar mugu, wato bos, kamar yadda muke cewa a silima. Shekara uku yana fitowa a mayaudari ko mai lalata matan mutane.

Mace ce ta ɗaga shi, kuma ka riƙe sunanta don za mu sake gamuwa da ita: June Mathis, marubuciyar labari a kamfanin Metro, ɗaya daga cikin mata ƙalilan da ke da ta cewa a masana'antar. Ta gan shi a wata 'yar ƙaramar fitowa a 1919, ta dage sai shi za a ba wa Julio a The Four Horsemen of the Apocalypse, labarin jikokin wani attajirin Ajantina da yaƙin duniya na farko ya raba, wasu na yi wa Faransa yaƙi, wasu Jamus. Fim ɗin ya fito a 1921. Akwai wurin da ya shiga wata mashaya ya ƙwace mace daga hannun abokin rawarta ya taka rawar tango da ita. 'Yan mintunan nan su suka mai da shi abin da ya zama.

Sai The Sheik a ƙarshen shekarar. Ga labarin: wata Baturiyar Ingila mai taurin kai, Diana, ta shiga saharar Aljeriya yawon buɗe ido. Shehin wata ƙabila, Ahmed Ben Hassan, ya sace ta ya tsare a tantinsa. Tana ƙinsa tana ƙinsa, har ta koma sonsa. Saharar ma ta aro ce, rairayin gaɓar tekun Kalifoniya ne.

Na sake kallonsa makon jiya a kwamfutar jikata don in amsa maka da idona. Uwargidana ta leƙo daidai inda yake zare ido yana yaƙe haƙora, ta ce, "Malam, wannan so yake yi ko aljanunsa ne suka tashi?" Ban ga laifinta ba. Amma ni abin da ya tsaya mini ƙarshen fim ɗin ne. Shehi na kwance da rauni, Diana ta riƙe hannunsa ta ce ai hannun ya yi wa Balarabe girma. Sai abokinsa ya fasa ƙwai: ba Balarabe ba ne, ubansa Baturen Ingila ne, uwarsa 'yar Sifaniya, wani tsohon shehi ne ya tsince shi ya raine shi. Sai da aka wanke shi daga Larabci tukuna aka halatta masa Baturiya. A jihohin Amurka da dama a lokacin doka ta hana auren fari da wanda ba fari ba, kuma masu fim sun san inda kasuwarsu take. Ka ga ke nan ko a cikin labarin ma ba Balarabe ba ne, balle a waje.

Valentino kansa ya san zafin wannan. An so shi saboda baƙuntarsa, an kuma tsane shi saboda ita. A 1924, yana tsakiyar tashe, majalisar Amurka ta yi dokar da ta kusa toshe ƙofar shigowar 'yan Italiya da mutanen gabashin Turai. Adalci ne in faɗa maka cewa da 'yan jarida suka tambaye shi game da Larabawa, ya ce duhun fata ba ya mai da mutum ɗan daji, kuma wayewar Larabawa na cikin mafi daɗewa a duniya. A bakin ɗan fim na 1921 wannan magana ba ƙarama ba ce. Batun kisa kuwa, duba amsa ta ƙarshe.

Baba, shin saboda shi ake bikin ranar masoya ta Valentine? Kuma turaren Valentino da ake sayarwa nasa ne? Daga wata amarya a Katsina.

A'a 'yata, duka biyun. Ranar 14 ga Fabrairu ta samo suna daga wani waliyyin Kiristoci na zamanin daular Rum, ƙarni na uku, wato ta girme wa ɗan wasan da shekara fiye da dubu ɗaya da ɗari biyar. Turaren kuma na kamfanin wani mai zanen tufafi ne ɗan Italiya, Valentino Garavani, wanda aka haifa a 1932, shekara shida bayan an binne namu. Suna ne kawai ya zo ɗaya, kamar Audun Kano da Audun Zazzau.

Kalmar da ya bar wa Turancin Amurka ita ce "sheik". A shekarun 1920 duk saurayin da ya shafe gashinsa da mai ya kwantar, yana yaudarar 'yan mata, haka ake kiransa. Dubi inda aka kai sunan da mu muke ba malaman da suka tsufa a kan littafi.

Ranka ya daɗe, ni ɗan wasa ne mai tasowa a nan Kano, har yanzu furodusa kuɗin mota yake ba ni. Ina so in ji, shi da duniya ta san shi haka, nawa ya tara? Daga wani matashi a Kano.

Ɗana, zauna da kyau, don amsar ba za ta yi maka daɗi ba.

A The Four Horsemen, fim ɗin da ya fito da shi, wanda ya shigo wa Metro da fiye da dala miliyan ɗaya, albashinsa dala 350 ne a mako. Ya nemi ƙari aka hana shi, ya yi fushi ya koma kamfanin Famous Players-Lasky, wanda daga baya ya zama Paramount. A 1922 ya yi Blood and Sand, inda ya fito a mai wasa da bijimi irin na Sifaniya, kusan hawan ƙaho namu sai dai su da takobi suke gamawa. A ganina a nan ya fi nuna ya iya wasa. Albashi ya kai dala 1,250 a mako. Kuɗi ne masu yawa a wancan zamani, amma ba su kai ƙurar abin da kamfani ke kwasa da fuskarsa ba. Ga shi kuma an yi masa alkawarin za a ɗauki fim ɗin a Sifaniya aka ƙare a filin kamfani.

Sai ya tafi yajin aiki shi kaɗai. Kamfani ya kai shi kotu, kotu ta hana shi yi wa kowa fim har kwantiraginsa ya ƙare. Jarumin da ya fi kowa tashe ya zauna sama da shekara ba ya gaban kyamara. Don ya ci abinci, a 1923 ya karɓi tallar wani man gyaran fuska mai suna Mineralava, shi da matarsa suka zaga garuruwa 88 a Amurka da Kanada suna rawa a kan dandamali, yana alƙalancin gasar kyau. Ka lura da wannan: rawar da ya gudo daga gare ta a Niyok ita ya koma wa.

Tunda na ambaci matarsa, dole in tsaya a kanta, don ba a raba aljihunsa da aurensa. Ta farko, Jean Acker, 'yar wasa ce. Sun yi aure a Nuwamban 1919, a daren farko ta kulle ƙofa ta bar shi a waje, auren bai taɓa zama aure ba. Ta biyu Natacha Rambova. Kada sunan ya ruɗe ka, ba 'yar Rasha ba ce, a Salt Lake City aka haife ta, sunanta Winifred Shaughnessy. Gwanar tsara tufafi da adon dandali ce. Ya aure ta a garin Mexicali na Meziko ranar 13 ga Mayu, 1922. To dokar Kalifoniya ta ce bayan saki sai an jira shekara guda cur kafin wani aure, wata irin idda da ta hau kan namiji da mace duka. Shi bai cika ba. Yana dawowa aka kama shi da laifin haɗa mata biyu, ya ɗanɗana ɗakin tsaro kafin abokai su yi belinsa. An kori ƙarar, suka sake ɗaura aure a 1923.

An daɗe ana ɗora wa Natacha laifin faɗuwar kasuwarsa. Gaskiya ne ta sa baki a komai, kuma Monsieur Beaucaire na 1924, inda aka sa masa farar hular gashi da leshi da hoda, ya ba maza masu jin haushinsa abin faɗa. Amma ni ban yarda duk laifin nata ba ne. Ta ce masa ya fi ƙarfin abin da ake biyansa, kuma masu kamfani ba su taɓa yafe mata wannan ba. A 1925 kamfanin United Artists ya ba shi dala 10,000 a mako, da sharaɗin kada matarsa ta taka wurin ɗaukar fim. Ya sa hannu. Auren bai ƙara shekara ba, aka raba shi a Paris a farkon 1926.

Kuɗin da suka shigo daga baya kuwa ba su zauna ba. Ya sayi katafaren gida a kan tudu a Beverly Hills ya sa masa suna Falcon Lair, ya cika shi da dawakai, karnuka, tsofaffin takubba da sulke, motoci, da kwat da ba ya iya ƙirgawa. Da ya mutu bashi aka tarar, sai da aka yi gwanjon gidan da kayan ciki. In za ka ɗauki wani abu daga nan, karanta takarda kafin ka sa hannu, ka kuma nemi wanda ya san doka ya karanta maka ita. Takarda ce ta ɗaure shi sama da shekara yana ganin kasuwarsa na wucewa.

Malam, ana iya samun finafinansa? Yaya muryarsa take? Daga wani mai sauraro a Damagaram.

Duk finafinansa na bebaye ne. Ana nuna hoto, a tsakani a sako rubutun abin da aka faɗa, mai fiyano ko 'yan kiɗa na gaban allo suna bi. Fim mai magana da ya sauya kasuwa, The Jazz Singer, ya fito a Oktoban 1927, wata goma sha huɗu bayan rasuwarsa. Muryarsa ta rage ne a waƙoƙi biyu da ya rera a faifan garmaho a 1923, ɗaya da Turanci ɗaya da Sifaniyanci. Na saurara. Allah ya ba shi ƙafa da fuska, maƙogwaro kuwa sai haƙuri.

Manyan finafinan suna YouTube kyauta. In ɗaya za ka kalla, nemi The Son of the Sheik na 1926, inda ya fito a uba da ɗa lokaci guda, ya daina zare ido, har yana yi wa kansa dariya. Wasu sun ɓace, kamar A Sainted Devil. Binciken ɗakin karatu na majalisar Amurka a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan bebaye na ƙasar sun salwanta, don zaren fim na lokacin yana ruɓewa, yana kuma kama wuta kamar fetur. Wani lokaci ana dace: Beyond the Rocks, wanda ya yi da Gloria Swanson, an fid da rai da shi shekara da shekaru, sai ga shi a cikin tarkacen wani mai tara finafinai a ƙasar Holan a 2003.

Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce. A aji an taɓa ambata mana wani ciwon ciki da ake kira da sunan Valentino. Shi ne wannan? Kuma da gaske guba aka ba shi? Daga Zariya.

Shi ne, 'yata, kuma ke za ki fi ni gane bayanin. Gyambon ciki ne, olsa, ya ɓula. Ruwan cikin ya gangara gefen dama na ƙasan mara, sai ciwon ya yi kama da afendis. Tun daga kansa likitoci suka laƙaba wa wannan ruɗani sunansa. Ya yanke jiki ya faɗi a otal ɗin Ambassador na Niyok ranar 15 ga Agusta, 1926, aka yi masa tiyata a asibitin Polyclinic. Ya fara samun sauƙi, sai ƙwayoyin cuta suka mamaye cikin, suka haura huhu. Ya cika ranar 23 ga Agusta yana da shekara 31. Ki tuna sai 1928 aka gano fenisilin, kuma sai shekarun 1940 ya shiga hannun likitoci. Jita-jitar guba da ta harbin mijin wata tun a makon ta tashi, amma abin da likitocinsa suka rubuta ke nan.

In akwai abin da ya ci shi a rai a watansa na ƙarshe, wata jarida ce. Ranar 18 ga Yuli, Chicago Tribune ta buga sharhi ba sunan marubuci. Wai an ga na'urar sayar da hoda a banɗakin maza na wani gidan rawa, to Valentino ne ya lalata mazan Amurka ya mai da su mata. An yi masa gorin awarwaron da Natacha ta ba shi, an yi masa gorin aikin lambu da asalinsa. Ya fusata ya ƙalubalanci marubucin ya fito su dambace, bai fito ba. Wani ɗan jarida mai rubutun dambe, Frank O'Neill, ya ce shi zai tsaya a madadinsa, aka yi a kan rufin otal, kuma Valentino, wanda zakaran duniya Jack Dempsey ya taɓa koya wa naushi, ya kai shi ƙasa. Duk da haka bai huce ba. An ce da ya farfaɗo daga tiyata, abin da ya tambayi likita shi ne ko yanzu an yarda shi namiji ne.

Jana'izar ta zama abin kallo. An ajiye gawar a gidan shirya mamata na Frank Campbell, mutane wajen 100,000 suka cika titi, aka fasa gilasan tagogi, 'yan sanda a kan dawakai suka yi ta kora. Jaridu sun ba da labarin masoyan da suka kashe kansu. Jaruma Pola Negri, wadda ta ce an yi musu baiko, ta yi ta suma a gaban masu ɗaukar hoto. Har wasu ƙarti huɗu masu baƙaƙen riguna aka tsayar a kan gawar wai Mussolini, firaministan Italiya na lokacin, ne ya aiko su, daga baya aka gano hayarsu aka yi don talla. Aka yi masa addu'a a cocin St. Malachy, aka sa akwatin a jirgin ƙasa zuwa Kalifoniya, ana tsayawa gari gari mutane na kuka.

Da aka isa sai aka ga ba shi da kabari, ba kuma kuɗin sayen wuri. June Mathis, matar nan da ta tsamo shi daga rawar bos, ta ce a sa shi a nata gurbin a maƙabartar Hollywood kafin a gina masa hubbaren da masoya suka yi alkawari. Ba a cika shekara ba ita ma ta rasu, a Yulin 1927. Sai aka matsar da shi gurbin da ke kusa, wanda aka tanadar wa mijinta, aka sa ta a nata. Hubbaren ba a taɓa gina shi ba. Daga baya mijin ya sayar wa dangin Valentino gurbin, kuma har yau suna nan kafaɗa da kafaɗa, a maƙabartar da yanzu ake kira Hollywood Forever.